Shin Ko Kun San? Ganye Ma Yana da Ƙofofi, Kuma Miliyoyi Ne

Shin ko kun san ganyen masara guda ɗaya, irin wanda kuke turewa da kafaɗa in kun ratsa gona a Kagoro ko Manchok, yana ɗauke da ƙofofi miliyoyi? Miliyoyi fa aka ce, ba dubbai ba! Kowace tana buɗewa, tana rufewa. Kowace da masu gadinta biyu. Masana na kiransu sitomata, wato ƙofofin numfashin ganye. Ta nan iska ke shiga, ta nan ruwa ke fita.

Ƙanƙantarsu kuwa, sai wanda ya leƙa madubin bincike. Ku ɗauki rula, ku dubi milimita ɗaya, ɗan tsakanin nan na ƙananan zane biyu. Ku yi murabba'i da shi. A wannan ɗan ɗigon wuri, tsirrai da yawa na jera ƙofa 100 zuwa 300. Wasu itatuwan ma na haura 500. Ke nan wuri mai faɗin farce guda ya ishi ƙofa dubu goma zuwa dubu talatin. Silin gashin kanku ya fi bakin ƙofar faɗi nesa ba kusa ba.

Amma tsaya ku ji. Duk yawan nan nasu, ko a hangame suke gaba ɗaya, da ƙyar ramukan ke cin kashi biyu ko uku cikin ɗari na faɗin ganyen. Saura duk fata ce mai kakin da ruwa ba ya ratsawa da sauƙi. Kuma ta waɗannan 'yan ramuka ne fiye da kashi 90 na ruwan da tsiro ke fitarwa ke ficewa.

Ruwa nawa? Ku gyara zama. Karan masara ɗaya tak, daga tsiro zuwa girbi, na iya fitar da ruwan da ya kai lita 200. Durom guda cur. Jarka takwas masu cin lita 25. Hekta ɗaya ta masara kuwa na buƙatar lita miliyan 5 zuwa 8 a damina ɗaya, in aka haɗa da abin da rana ke ɗauka daga ƙasa. Abin da ke zama a jikin tsiron bai taka kara ya karya ba. Cikin kowace lita 100 da saiwa ta zuƙo, fiye da 95 sama suke tafiya. Ashe gona ma tana ba sama ruwa!

Me ya kai tsiro wannan ɓarna? Yunwa. Abincinsa daga iskar kabon yake haɗa shi, iskar nan da muke fitarwa in mun yi numfashi. Ba ta da hanyar shiga sai ta ƙofa. Da ya buɗe, ruwa ya sulale. Ya rufe, yunwa. Ya buɗe, ƙishirwa. A tsirrai irin su wake da shinkafa da waken soya, kafin ƙwayar kabon ɗaya ta zama abinci, an yi asarar ƙwayar ruwa 400 zuwa 500. Kun ji ciniki.

Ga wani abin da zai burge duk wanda ya taɓa ɗaukar buhun taki. Harafin K ɗin nan da ke jikin buhun NPK, wato fotashiyam, shi ne mabuɗin ƙofar. Gari na wayewa, haske ya sauka, sai masu gadi su zuƙi fotashiyam. Ruwa ya biyo shi. Su kumbura, su lanƙwashe, rami ya buɗe a tsakaninsu. Da dare ko in ƙasa ta bushe, fotashiyam ya fice, ruwa ya bi shi, su saki jiki, ƙofa ta rufe. Ba tsoka, ba jijiya, ba ƙashi. Ruwa ne kawai ke turawa.

Kun san masu gadin ba kama ɗaya gare su ba? A wake da gyaɗa da rogo da tumatir da kuɓewa, kowane mai gadi siffar ƙwayar wake gare shi, biyu suna fuskantar juna. A dangin ciyawa kuwa, siffar taɓarya ce: siriri a tsakiya, kauri a kai biyu. Su waye dangin ciyawa? Masara, dawa, gero, shinkafa, rake, har da acca da tambar da ake nomawa a tuddan Kudancin Kaduna da Filato. Masu siffar taɓarya sun fi saurin buɗewa da rufewa. Gajimare ya rufe rana, su matse. Ya wuce, su buɗe. Shi ya sa dangin nan suka mamaye dajin da ruwansa ba shi da tabbas.

Har jerinsu daban. A ganyen dawa da masara, ƙofofin a layi suke, reras, suna bin tsawon ganye. A ganyen kuɓewa ko rama, a warwatse suke, kowace ta fuskanci inda ta ga dama. Amma ko a warwatsen akwai doka: ba a manna ƙofa biyu da juna. Sai an bar aƙalla ƙwayar fata ɗaya a tsakani. Ƙalilan ne cikin tsirrai ke karya wannan doka.

To, a wace fuskar ganye suke? Nan ne labarin ya yi daɗi.

Mangwaro, gwaiba, lemo, kashu: ku duba saman ganyensu, sumul, yana sheƙi, kusan babu ƙofa ko ɗaya. Duk suna ƙasa, a inuwa, inda rana ba ta dukansu kai tsaye. Haka itatuwan tik na dajin Nimbia. Haka doya. Citta kuwa, sarauniyar Kachia da Kwoi da Kagarko, ta tara mafi yawan nata a ƙasa, ta bar 'yan kaɗan a sama. Tumatir ma haka, na ƙasa sun ninka na sama sau da yawa.

Masara da dawa da gero fa? Sama da ƙasa duka! Ganyensu a miƙe yake, rana na samunsa ta ko'ina. Gyaɗa da wake ma fuska biyu. Yawancin ciyayin da ke tsirowa a fili, cikin tsakar rana, suna saurin girma, su ma fuska biyu suke buɗewa. Ƙofa ta ko'ina, abinci ta ko'ina. Kun ga dalilin da ya sa za a nome gona yau, mako biyu a dawo a tarar kamar ba a taɓa ba.

Bado kuma ya juya lamarin. Ganyensa kwance yake a kan ruwa, don haka ƙofofinsa duk a sama suke. Ciyayin da ke nutse a ƙarƙashin ruwa gaba ɗaya kuwa, yawancinsu ba su da ƙofar ma sam. Me za su yi da ita?

Ɓawon ayaba na da ƙofofin numfashi. Fatar ɗan tumatir ba ta da ko ɗaya. Koren ganyen albasa na da su birjik. Ku kai wannan majalisa, ku ga wanda zai yarda.

Yanzu ga rogo, wanda babu ƙasar da ta kai Najeriya noma shi a duniya. Ƙofofinsa ɗaruruwa ne a kowane murabba'in milimita, kusan duk a ƙasan ganye, kuma kowace na kewaye da wasu 'yan ƙuraje da ke tare mata iska. Ba wannan ne abin mamakin ba. Rogo ba ya jira ƙasa ta bushe. Da iska ta bushe kawai, ko da akwai laima a gindinsa, sai ya ja ƙofa. Masana a cibiyar CIAT da ke Kolombiya sun tabbatar da haka tun shekarun 1980. Shi ya sa hunturu zai busa, a yi wata huɗu ko biyar ba ɗigon ruwa a Kafanchan, rogo na nan a tsaye yana jiran damina.

Masara ba ta da wannan haƙuri, amma tana da tata dabara. Kun taɓa ganin ganyenta ya naɗe da tsakar rana in ruwa ya ɗauke? Wasu manyan ƙwayoyi ne a saman ganyen ke saki in ruwa ya yi ƙaranci, ganye ya naɗe, ƙofofin sama su shige ciki. Shinkafa ma na yi. Dawa ta ƙara da shafa farin kaki a kara da ganye, wannan farin garin da ke kama hannu. Wake kuma karkatar da ganye yake yi, ya ba rana gefe. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Mu koma kan ciyayi, don su ne gwanaye. A 1977 wasu masana ƙarƙashin jagorancin LeRoy Holm sun fitar da jerin ciyayin da suka fi addabar manoma a duniya. Wa ya zo na ɗaya? Aya-aya! Ita dai wannan da ake cirewa yau, gobe ta leƙo. Kiri-kiri na biyu. Tuji na biyar. Tofa ta bakwai. Duk 'yan gida ne, babu wanda manomin Zonkwa ko Godogodo bai yi faɗa da shi ba. Kuma takwas cikin goman farko dabara ɗaya suke amfani da ita, wadda masana ke kira C4. Suna tara iskar kabon su cusa ta can cikin ganye, don haka ko ƙofa a ɗan buɗe take, sun ƙoshi. Ruwan da suke kashewa kusan rabin na sauran tsirrai ne.

Kada ku ce ciyayi kaɗai suka san wannan. Masara, dawa, gero, rake, acca da tamba duk C4 ne. Alayyafo ma haka, gasaya ma haka. Shinkafa da wake da rogo da doya da citta ba sa ciki. To ku auna: shinkafar tudu da tofa a gona ɗaya, rana na duka, ruwa ya yi jinkiri. Wa zai ci wani?

Akwai kuma masu aikin dare. Abarba ba ta yarda da rana ba. Da rana ƙofofinta a rufe suke ruf. Sai dare ya yi, iska ta yi sanyi, ta buɗe, ta kwashi kabon, ta adana shi a matsayin tsami. Gari ya waye ta rufe, ta yi girkinta a ciki. Wanda ya ɗanɗani ganyen irin waɗannan tsirrai da asuba zai ji ya fi tsami a kan na yamma. Asararsu? Kamar ƙwayar ruwa 50 kacal a kan kowace ƙwayar kabon. Daga 500 zuwa 50!

Amma zakaran gwajin dafi ita ce harshen saniya, ciyawar nan mai ƙananan ganye masu kauri da jan kara, mai shimfiɗa a lambu da gefen kwata. Ita ce ta tara a jerin Holm. In akwai ruwa, C4 take yi kamar masara. Fari ya zo, sai ta koma aikin dare kamar abarba. Biyun duka a ganye ɗaya! A 2022 masana a Jami'ar Yale ta Amurka suka nuna cewa hanyoyin biyu ma a haɗe suke aiki a cikin ganyen. Ku cire ta ku yar a kan kunya, kwanaki tana nan kore shar. Ganyen miyar nan mai ruwa-ruwa da ake ce wa wata-lif a kasuwa, shi ma yana komawa aikin dare in ƙishirwa ta matsa, ruwa ya dawo ya koma na rana.

Sai babbar ɓarauniya. Wuta-wuta, ko ƙuduji, mai jan fure mai kyau kamar ba ita ba. Kowane tsiro, in ƙasa ta bushe, yana aika wani sinadari mai suna ABA zuwa ganye, umarnin a rufe ƙofa. Dawa ta ji, ta rufe. Masara ta ji, ta rufe. Wuta-wuta ta yi kunnen uwar shegu. Ƙofofinta a buɗe suke, fari ko damina. Dalili? Saiwarta a maƙale take da ta dawa. Muddin ta fi dawa fitar da ruwa, ruwan da abincin da ke cikinsa wajenta za su gangaro. Dawa na tattali, ita tana facaka da abin dawa. A 2019 masana daga Jami'ar Kobe ta Japan suka gano inda matsalar take: wani furotin a jikinta ne ya sauya, har umarnin ba ya isa inda aka aika shi.

Ga ƙarin mamaki. Saboda yawan ruwan da take fitarwa, ganyen wuta-wuta ya fi iskar da ke kewaye da shi sanyi, an auna bambancin ya kai digiri 7 a rana mai zafi. Da masana suka fesa mata abin da ke toshe ƙofofin, sai zafi ya ƙona ta. Mai suna wuta-wuta, zafi ya kashe! Tsiro ɗaya kuma na zubar da iri dubun dubata, ƙanana kamar ƙura, masu iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10 suna jiran ƙamshin saiwar hatsi. Ba banza ba Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, da IITA ta Ibadan suka daɗe suna fitar da irin masarar SAMMAZ masu jure mata. Kaucin da ke kan ɗorawa da kaɗanya ma halinsu ɗaya: ya fi itacen da ya hau sakin ƙofa.

Ƙofa kuwa, ba iska kaɗai ke shiga ba. Cutar tsatsa ta gyaɗa da ta masara ta nan suke kutsawa. Cutar ɗigo-ɗigon ganyen gyaɗa ma haka. Yaya ƙwayar cuta marar ido ke gane ƙofa? Lalube! Tana rarrafe a kan ganye har ta ji ɗan tudun leɓen ƙofar. A 1987 masana a Jami'ar Cornell suka yi wa tsatsar wake wayo. Suka yi 'yan tuddai a kan roba, tsayinsu rabin kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Cutar ta zo, ta taɓa, ta tsaya, ta fara shirin shiga. Roba fa! A 2006 kuma aka gano a Jami'ar Jihar Michigan cewa masu gadi na jin zuwan bakteriya su rufe ƙofa, wasu bakteriyar kuma na da gubar da ke tilasta su sake buɗewa. Yaƙi ake yi a kan ganye, mu muna wucewa.

Ɗigon ruwan da kuke gani da sassafe a bakin ganyen ƙaramar masara ko a tsinin ganyen gwaza, ba duka ne raɓa ba. Daga cikin tsiron yake fitowa. Da dare ƙofofi a rufe, saiwa na ci gaba da turo ruwa, sai ya fita ta wasu ramuka na daban a bakin ganye waɗanda ba sa rufewa. Raɓa ko'ina take sauka. Wannan kuwa a jere yake, a gefe ko a tsini.

Kun san ƙofofin nan na kama maƙaryaci? Ƙwayoyin da ke kewaye da masu gadi, kowane dangi da tsarinsa. A gyaɗa da tafasa, biyu ne, suna kwance a gefe. A ɗoɗɗoya biyu ne, amma a gicciye. A kabeji uku ne, ɗaya ya fi ƙanƙanta. A citta huɗu. Ko an daka ganye ya zama gari, masanin haɗa magunguna zai duba ɓurɓushin a madubi ya gane ko an yi algus. Da lissafin ƙofofi ake bambanta irin filaskon Indiya da na Masar. Balasa kuwa, ciyawar nan mai shuɗin fure da ke ƙin mutuwa in an nome ta, danginta ne masana suka fi so a ɗakin gwaji. Fatar ganyensu na ɓarewa salin-alin, ƙofofinsu manya.

A itace ɗaya ma ba a zama ɗaya. Ganyen da ke ƙololuwa, cikin rana, ya fi na inuwa cunkoson ƙofofi. Kuma tun ganye na jariri ake yanke masa adadi, in ya girma ba ƙari. Wa ke gaya masa? Tsofaffin ganyaye! A 2001 aka nuna cewa su ke auna haske da iska, su aika wa masu tasowa saƙo. Ikon Allah.

Har tarihi suke riƙewa. A 1987 wani masani ɗan Ingila, Ian Woodward, ya ɗauko busassun ganyayen da aka adana tun shekara 200 da suka wuce, ya gwada da na zamaninsa. Ƙofofin sun ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari. Iskar kabon ta ƙaru a duniya, tsirrai suka rage ƙofa. Kafin zamanin masana'antu, kabon kashi 280 ne cikin miliyan na iska. Yau ya haura 420. An ma duba ganyen zaitun da aka samu a kabarin Fir'auna Tutankhamun na Masar, mai fiye da shekara 3,000. Ƙofofinsa sun fi na zaitun ɗin yau yawa. A wasu duwatsu na Rhynie da ke Sikotilan kuwa, an ga ƙofofi a jikin tsirran da masana suka ƙiyasta sun haura shekara miliyan 400, kuma siffarsu kusan irin ta yau ce. Mutum fa? Sai wajen 1675 Marcello Malpighi na Italiya ya ba da labarinsu a rubuce.

Yanzu har rage su ake yi da gangan. Masana a Jami'ar Sheffield ta Ingila sun samar da shinkafa mai ƙarancin ƙofofi. A gwajinsu ta sha kashi 60 kacal na ruwan da 'yar uwarta ke sha, ta kuma fi jure fari. A yankin da ke samun ruwa kusan milimita 1,500 a shekara kamar Kafanchan, wani zai ce ina ruwansa. Ya tambayi wanda ruwa ya ɗauke wa mako uku bayan shuka.

Kuna son gani da idonku? Ba sai kun je Samarun Zariya ba. Ku tsinko ɗanyen ganyen mangwaro ko gwaiba, ku tsoma a ruwan zafi cikin kofin gilashi. 'Yan kumfa za su fito, kusan duk ta ƙasan ganyen. Ku gwada na masara, za su fito ta fuska biyu. Ko ku ɗaura farar leda a reshe mai ganye da hantsi, ku dawo da la'asar ku ga ruwan da ya taru. Ɗalibai kuwa, na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya ne ko na tsangayar aikin gona ta Jami'ar KASU a Kafanchan ko na makarantar aikin gona ta Samaru Kataf, aikinku ya fi sauƙi: a shafa jan farce marar launi a bayan ganye, a bari ya bushe, a ɗago shi da salatif, a ɗora a madubin bincike. Hoton ƙofofin zai fito raɗau, har a ƙirga. A fara da tofa da masara, a bi da rogo da citta.

Manoma kuma, in kun ga wuta-wuta ta leƙo a gonar dawa ko masara, ku tuge ta tun ba ta yi fure ba, ku tara ku ƙona. Ku gaya wa maƙwabcin gona shi ma ya yi.